"Ɗan hakin da ka raina": yabo ne ko gargaɗi?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Gardama ce ta kawo ni, kuma a kan wasa ta taso, don haka manya ku yi mini haƙuri.

Muna da wata gasa ta ƙwallon Amurka da muke bugawa a wasan kwamfuta mai suna Madden ta intanet. Ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ne a ciki, mu goma sha biyu kowa ya riƙe ɗaya, sauran kwamfuta ke tafiyar da su. Kowane ɗan wasa yana da makin gaba ɗaya, mafi girma 99. A kakar da ta wuce na ɗauki wani yaro mai cafke jifa a zagaye na bakwai na zaɓen sababbin 'yan wasa, irin waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira. Makinsa sittin da 'yan kai. Da lokacin rage 'yan wasa zuwa 53 ya zo, ban ko buɗe shafinsa ba na sallame shi. Abokina ya tsince shi a banza. Muka haɗu a wasan fitar da gwani, yaron nan ya wuce masu tsaron bayana har sau biyu kamar an ɗaure musu ƙafa, aka yi waje da ni.

Abokin nawa ya rubuto a guruf: "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido." Daga nan shugaban gasar ya fitar da jerin 'yan wasan da ba a ba su darajarsu ba, ya sa masa suna "'Yan hakin bana", wai girmamawa ce. Ni kuwa tun ina yaro idan kakata ta faɗi wannan magana, kashedi take yi. To, ana yabon mutum da ita?

Malam Na-Zazzau:
Wa alaikumus salam. Kakarka ta fi shugabanku gaskiya. Duba ginin maganar: "da KA raina", "tsone MAKA ido". Sau biyu ana nuna mai rainin da yatsa. Shi hakin ba a ce ya girma ba, ba a ce ya zama gungume ba. Yana nan a hakinsa. Abin da ya faru kawai, ya sami ido a buɗe. Idan ka kira mutum ɗan haki kana nufin ka yabe shi, ka sake raina shi ke nan a karo na biyu. Wanda ake so a yaba, akwai tasa maganar: raina kama ka ga gayya.

Ɗan Maraɗi:
Malam ya faɗi daidai. Mu nan haki shi ne ciyawa, har yau haka muke cewa, a je a yanko wa tumaki haki. Duk wanda ya taɓa shiga gona da kaka ya san abin. Ƙayar da kake gani kana kauce mata, ba ta samunka. Siririn tsinken da ka sunkuya ba ka lura da shi ba, shi ke sa ka wuni kana hawaye. Na kuma ji masu cewa "tsole" maimakon "tsone", duk dai idon ne ke shan wahala.

Gwanin Kabuga:
Ni ne abokin da ake magana, gara in fito da kaina. Ni ban yabi yaron ba, Ɗan Fagge na tsokana, don haka a bisa fassarar Malam ma na yi amfani da ita a gurbinta. Amma bari in gaya muku abin da ya raina. Makin gaba ɗaya da ake gani a gaban suna haɗi ne na abubuwa da yawa: gudu, cafke ƙwallo, bin hanya, ƙarfi, da abin da wasan ke kira wayewar fili. Sabon yaro wayewarsa ƙasa take, sai ta ja makin ƙasa. To amma idan ni ke riƙe da na'ura, ni ne idonsa, ni ne ƙwaƙwalwarsa. Abin da ba zan iya ba shi da yatsuna ba shi ne gudu, shi kuwa gudunsa ya haura casa'in. Ɗan Fagge ya kalli lamba ɗaya ya rufe shafi.

Sarkin Gardama:
Ni fa ban ga ma inda karin magana ya shiga nan ba. Ana raina abin da ke da zuciya, wanda zai ji haushi ya tashi ya nuna kansa. Wannan yaron naku lissafi ne a cikin kwamfuta. Bai san an sallame shi ba, bai yi fushi ba. Kuskuren karatu aka yi, ba raini ba.

Malam Na-Zazzau:
Sarki, to shi hakin yana da zuciya? Ka kawo hujjar da ta kayar da kai. Da Bahaushe yana nufin ramuwar gayya, da ya ce ɗan kunama ko ɗan maciji. Ya zaɓi abin da ba ya motsi da kansa, don a san laifin duka na mai ido ne.

Sarkin Gardama:
Na karɓi wannan, Malam. Saura dai.

Anti Houston:
Ƙannena, kun taɓo inda nake. Shekaruna da yawa a nan Amurka, yarana sun sa na iya kallon wasan nan dole. Abin da kuke yi a kwamfuta, manyan masu kuɗi sun yi shi da mutane na gaske.

Tom Brady, a shekarar 2000 sai a zagaye na shida aka ɗauke shi, mutum na 199. Masu jifa shida aka zaɓa kafin shi. Ya tashi da kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, har bakwai, shida da New England Patriots, ɗaya da Tampa Bay. Kurt Warner ba a ma zaɓe shi ba sam, Green Bay ta gwada shi ta sallama, ya koma jera kaya a kantin Hy-Vee a jihar Iowa. A kakar 1999 shi ne gwarzon gasar, ya kai St. Louis Rams ga kofi. Brock Purdy kuwa shi ne na ƙarshe ƙaf a zaɓen 2022, na 262. Wanda ya zo a wannan gurbi har laƙabi suke masa, ma'anarsa wanda ba a damu da shi ba. A Fabrairun 2024 shi ya ja San Francisco zuwa Super Bowl a Las Vegas, Kansas City ta doke su 25 da 22 bayan ƙarin lokaci.

Sai dai ni a kan waɗannan ukun wata magana ce ke zuwa mini: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Brady yana benci har sai da Drew Bledsoe ya ji mummunan ciwo a wasa da New York Jets a Satumbar 2001, kuma watanni kaɗan kafin nan aka ba Bledsoe kwantiragin shekara goma na dala miliyan 103. Warner ya shiga ne don Trent Green ya ji ciwo a gwiwa kafin a fara kaka. Purdy ma sai da mutum biyu suka faɗi a gabansa, Trey Lance da Jimmy Garoppolo. Da bangon bai tsage ba, wa zai san su?

Ɗan Maraɗi:
Anti, a gafarce ni, wannan ta bango ba nan muke sa ta ba. Ana faɗinta idan 'yan uwa suka ɓata, bare ko magulmaci ya sami ƙofa. Ƙadangaren ba abin so ba ne a maganar. Kin mayar da Brady munafukin unguwa ke nan.

Anti Houston:
Kai ɗan nan! To ai magoya bayan sauran ƙungiyoyi da ya hana sakat shekara ashirin ba za su yi maka musu ba. Amma na ji, na janye. Malam, wace ce ta dace?

Malam Na-Zazzau:
Hajiya, wadda ta fi kusa ita ce: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miya ta ƙare wa ƙungiya, manya sun kwanta, sannan aka ga mai iya ci gaya. Amma ki lura, ita ma tana da iyaka. Asalinta gwajin juriya ne, wa zai tsaya idan daɗi ya ƙare. Ba ta cewa an raina shi tun farko.

Ɗan Fagge:
Na gode. Amma tun da muka fara wani abu ke damuna. Na koma na duba jerin "'Yan hakin bana" na shugabanmu, mutum goma. Bakwai masu cafke jifa ne da masu gudu da ƙwallo, biyu masu tsaron baya, ɗaya mai jifa. Babu ko ɗaya daga cikin ƙartin nan biyar da ke tsayawa a gaba suna tare wa mai jifa, waɗanda muke kira 'yan katanga. Duk wanda ya shiga jerin, ya shiga ne don ya yi abin da aka gani.

Sarkin Gardama:
Yauwa, ga sauran da na ce. Hakin da ya tsone ido ai ya gama zama abin raini, yanzu kowa na maganarsa. Yaron Gwani yau duk gasarku ta san lambar rigarsa. Wanda aka raina na gaskiya shi ne wanda ba zai taɓa tsone idon kowa ba, don aikinsa shi ne kada wani abu ya faru. Ɗan katanga idan ya yi aikinsa daidai sau sittin a wasa, ba a kiran sunansa. Ranar da ya riƙe rigar wani alƙali ya jefa tuta, ranar ce za a nuna fuskarsa. Karin maganarku ba ta isa wurinsa ba. Tasa ita ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Anti Houston:
Wannan kam ka faɗa daidai. Tun da aka fara Super Bowl ba a taɓa ba ɗan katanga kyautar gwarzon wasan ba, ko sau ɗaya. Har mai bugun ƙafa ya taɓa zama gwarzon kaka gaba ɗaya, Mark Moseley na Washington a 1982, shekarar da yajin aiki ya gajarta gasar. Jason Kelce na Philadelphia, wanda shi ma a zagaye na shida aka ɗauke shi a 2011, sau shida ana sa shi a sahun farko na gwanayen gurbinsa, amma mutane da yawa a nan da ba su damu da wasan ba sun fara saninsa ne a matsayin wan Travis Kelce, tauraron Kansas City.

Akwai dai ranar da gardi ya tuna da kura. A Super Bowl na Fabrairun 2015, Seattle na yadi ɗaya da layin ci na Patriots, saura daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Russell Wilson ya yi jifa, wani sabon yaron Patriots, Malcolm Butler, wanda ba wanda ya zaɓa daga jami'ar West Alabama, ya shiga gaba ya cafke. Patriots suka ci 28 da 24. Brady aka ba gwarzon wasa, shi kuma ya miƙa wa Butler motar da ta zo da kyautar.

Malam Na-Zazzau:
Ta kura ma a yi hattara da ita. A wasan kura, gardi ba ya shan komai, kurar ce a ɗaure da takunkumi. Magana ce ta zalunci, wanda bai yi wahala ba ya cinye. Mai jifa kuwa ana kayar da shi, haƙarƙarinsa na karyewa, kun ji dai abin da ya sami Bledsoe da Hajiya ta ambata. In za a faɗe ta a nan, a faɗe ta da wasa. Shi Butler ɗin, ga Seattle ɗan haki ne cikakke, don ta wajensa suka jefa. Ga ƙungiyarsa kuwa ba haki ba ne, tunda su suka sa shi a fili a wannan lokacin. Mutum ɗaya, amma maganar ta hau bakin wasu, ba ta hau bakin wasu ba.

Gwanin Kabuga:
Malam, a gasarmu ma akwai inda 'yan katanga ke rama wa kansu. Dokarmu ita ce idan mutum bai zo ba cikin kwana biyu, ko wuta ta ɗauke ko data ta ƙare, kwamfuta ce ke buga wasan da lissafi. A nan yatsunka ba su da amfani. Yarona mai gudu a irin waɗannan wasannin da ƙyar yake cafke uku, don wayewar tasa da na ce ba ta dame ni ba ita ake dubawa. Wanda ya zuba kuɗinsa a katanga shi ke tsira. Sati uku ina fama da janareta a tsakiyar kaka, duka ukun na sha kashi, an kayar da mai jifana ban san adadi ba. Ɗan Fagge kuwa duk wasan da kwamfuta ta buga masa ci yake yi, yana ta cika baki wai tsarinsa ne.

Ɗan Fagge:
Tsarina ne mana.

Gwanin Kabuga:
To faɗi sunan mai tsaron hagunka na katanga, ba tare da ka kunna na'ura ba.

Ɗan Fagge:
Lamba saba'in da wani abu ne.

Ɗan Maraɗi:
Malam, wannan kuma wace karin magana ce tasa?

Malam Na-Zazzau:
Ku bar ni haka, an kira la'asar. Shugabanku dai ya canja wa jerin nan suna.

Ɗan Fagge:
Na kunna na duba. Lamba 74 ne. Kaka huɗu yana wurina, bai taɓa fashin wasa ba, kuma kwantiraginsa ya ƙare makon jiya ban sabunta ba, saƙon yana cikin waɗanda nake dannawa in wuce. Yana kasuwa yanzu. Gwani, na ga ƙungiyoyi uku sun sa tayi a kansa, kada ka ce mini kana ciki.

Gwanin Kabuga:
Tun ranar Talata. Idan kana son yaronka mai gudu, kawo zaɓenka na zagayen farko na baɗi mu yi magana. Lamba 74 kuwa ba na sayarwa ba ne.