Seleri ya ƙi tsirowa, wanda ya tsira kuma ɗaci gare shi

Uwar Lambu: Assalamu alaikum. Ina neman shawara kan seleri a ɗan lambun bayan gida a Zariya. Irin da na zuba, kaɗan ne ya fito, wanda ya girma kuma karansa ya yi siriri, ga ɗaci ga zare-zare. Ina gyaran yake?

Mai Fangali: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawanci matsalar daga shukar iri take farawa. Irin seleri ƙanana ne ƙwarai, kuma sai da haske yake tsirowa, don haka ba a binne shi. Ki jiƙa shi ya kwana, ki barbaɗa a kan lallausar ƙasa a cikin faranti ko bokitin da aka huda, ki ɗan danna da tafin hannu kawai. Ki riƙa yayyafa ruwa, kada saman ya bushe ko na yini ɗaya. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ya leƙo.

Abu na biyu zafi. Ya fi son tsakanin digiri 15 da 21 a ma'aunin Celsius. Idan ya kai wajen 30, sai irin ya kwanta abinsa, ya ƙi tsirowa. Shi ya sa ya fi karɓar Jos. A Zariya ki shuka a farkon Oktoba a wuri mai inuwa da sanyi, ki yi renonsa mako 8 zuwa 10, ki dasa a Disamba da tazarar santimita 25 tsakanin tushe da tushe. Hunturu ne lokacinsa. In bazara ta riske shi bai ƙosa ba, an yi asara.

Ɗan Fadama: Ɗacin nan da zare-zaren, Hajiya, ƙishirwa ce. Saiwar seleri ba ta nitsa, a sama take, ko ƙasa ta bushe na ɗan lokaci sai karan ya yi tauri. Ban ruwa kullum, in iskar hunturu ta yi ƙarfi safe da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba, domin jiƙa ganye na jawo ɗigo-ɗigon cuta. Ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ta riƙe danshi.

Yana da ci kuma. Kafin dashe ki cakuɗa ruɓaɓɓen takin shanu sosai a fangalin, sannan ki ƙara kaɗan duk bayan mako 3. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone shi zai yi.

Ki lura da tsakiyar tushen. Idan sababbin ganyen ciki suka yi baƙi suna ruɓewa, sinadarin kalsiyam da tsiro ke sha daga ƙasa ne bai kai musu ba, kuma galibi ba ƙasar ce ta rasa shi ba, ban ruwan ne yau a yi gobe a bari. In karan na tsattsagewa a gicciye, wannan ƙarancin sinadarin boron ne.

Malama Mai Ganye: Ƙari kaɗan. Saura mako 2 zuwa 3 ki cire, ki naɗe karan da takardar kwali ki ɗaure sako-sako, ganyen na waje. Rashin hasken zai sa ya yi fari-fari, ɗacin ya ragu. Daga dashe zuwa girbi kamar wata 3 zuwa 4 ne, amma ba dole ki jira ba, kina iya yankar karan waje-waje, na ciki ya ci gaba.

Ni a ganina, in don miya da farfesu kike so, ki nemi irin seleri mai ganye. Ya fi jure zafinmu nesa ba kusa ba, kuma ba ruwansa da naɗin kwali.