Da wane nama za a naɗe grissini in ba na alade ba?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar ina da baƙi, iyayen ƙawayen 'yata ne na makaranta, dukansu Italiyawa. Ina so in fara musu da ɗan abin taɓa baki irin nasu kafin shinkafa ta sauka. Na ga suna naɗa nama a jikin busasshen siririn burodin nan, grissini, amma an ce min na alade ne. Don Allah da me zan maye gurbinsa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa miki 'yata, naman nan, prosciutto, cinyar alade ce da aka yi wa gishiri aka shanya. Ki nemi bresaola. Naman sa ne daga cinya, asalinsa yankin Valtellina can arewacin Italiya, dab da iyakar Suwizalan. Ana masa gishiri da kayan ƙamshi a rataye shi wata ɗaya zuwa biyu, ga shi jawur, ba kitse. Sai dai ki tabbatar da tambarin halal, saboda maganar yanka, kuma wasu kan sa masa giya wajen haɗi.

Anti Rabi: Ki duba shi kansa grissinin ma. In kin ga an rubuta strutto a bayan leda, kitsen alade ne. Farkon zuwana ƙasar nan na sayo leda uku, sai da na dawo gida ɗana ya karanta min, ranar har jikina ya yi sanyi. Tun daga nan na man zaitun nake ɗauka, shi ma sai na karanta.

Maman Abba: Kilishi fa? Ina da saura da aka kawo min daga gida.

Anti Rabi: Ba zai naɗu ba ƙanwata, karyewa zai yi. A ajiye shi gefen faranti su ɗanɗana. In bresaola ta yi wuya, shagunan Turkawa na sayar da pastirma, busasshen naman shanu irin nasu, amma tafarnuwa da hulba sun yi mata yawa.

Ummu Sadik: Ni nan Torino nake, garin da aka ƙirƙiro grissini, kuma da hannuna nake yi. Fulawa giram 500, ruwa mai ɗumi mililita 280, man zaitun cokali huɗu, gishiri ƙaramin cokali biyu, yis ƙaramin cokali ɗaya. Ki murza, ki rufe awa guda ya tashi. Ki yanka kamar kaurin yatsa, ki kama bakin biyu ki ja a hankali har ya kai tsawon tire. Zafin oven digiri 200 na Celsius, minti 15 zuwa 20. In kin karya ɗaya kika ji ƙaras, ya yi.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri. In naɗe tun da safe in sa a firij?

Ummu Sadik: A'a, kada ki yi haka! Laimar naman za ta sa ya yi laushi. Sai baƙi sun kusa ƙofa. Ki ce a yanka miki naman shara-shara kamar takarda, ki ɗan shafa cuku mai laushi a rabin sandar don ya kama, ki sa ganyen rukola ɗaya (wani ganyen salak ne), ki naɗe a karkace. Ɗaya rabin ki bar shi haka, wurin riƙewa ne.

Hajiya Babba: Ki ɗiga lemon tsami da man zaitun a kai, haka suke cin bresaola. Giram 150 zai ishi mutum shida tunda ga shinkafa na tafe.

Maman Iman: To Hajiya, gobe in sha Allah zan leƙa wurin mahaucinmu in ji ko yana da ita.