Honda Accord 2001 tana ta dawo da P0122 bayan na canza sensar totur

Salam, rewayoyi da masu gyaran Honda. Motar mai silinda 4 ce, giya otomatik, ina Gusau. Da sanyin safiya lafiya lau take. Da zarar inji ya ɗau zafi, musamman a cunkoson kasuwa da rana, sai fitilar cek injin ta kama, silo ya riƙa hawa da sauka, giya kuma ta shiga da fizga. Sikana lambar matsala P0122 kaɗai take nunawa, wato siginar TPS (sensar totur) ta yi ƙasa.

Na wanke bakin totur, na sa wata sensar ta Beljiyam, na saita ta da mita: wayar tsakiya 0.5V a rufe, tana hawa sumul har kusan 4.5V in an take totur. Na goge lambar, ta dawo. Na matse bakin soket, na girgiza wayoyin yayin da inji ke kunne, mita ko motsi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne wayar da ke kawo 5V. A sanyi 5V cif, da zafi sai ta faɗi wajen 3V, siginar ta bi ta ƙasa. Ko na zare soket ɗin sensar ba ta komawa 5V, don haka ban ga laifin sensar ba.

Wani ya ce in sayi ƙwaƙwalwar motar (kwamfutar da ke sarrafa inji) kawai, amma ba na son sayen kaya a kan zato. Wane gwaji zan yi a soket ɗin ƙwaƙwalwar da zai raba min ko ita ce ke sakin wutar, ko wata waya ce ke taɓa bodi in ta yi zafi?