Alƙaluman wasa suna taimakawa wajen hasashen ƙwallo kuwa?

Baban_Gola:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman wanda ya fahimci lissafi ya warware min wani abu. Wata uku ke nan ba na buga tiket ɗin cacar ƙwallo, wato bet, sai na zauna na duba komai, wasa biyar na baya da kowace ƙungiya ta yi, tarihin haɗuwarsu, wa ya ji rauni, wa ke da jan kati, har littafi na ware ina rubutawa. Amma duk sati sai gem ɗaya, wato wasa ɗaya cikin waɗanda na haɗa, ya yanke min tiket kuma wallahi wanda na fi sakankancewa da shi ne. Satin da ya wuce tara sun shigo, na goman aka farke a minti na 90 ina riƙe da waya hannuna na rawa. Ni ne ban iya karanta alƙaluman ba ko dama ba su da amfani?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa matsalar ba a karatunka take ba, a yawan gem ɗin take. A ce kowane wasa da ka zaɓa damar shigowarsa 80 cikin 100 ce, wanda ma zaɓi ne mai ƙarfi sosai, to idan ka haɗa goma ninka su ake yi ba tarawa ba, 0.8 sau 0.8 har sau goma, abin da zai rage maka bai kai 11 cikin 100 ba. Wato a tiket goma irin wannan kusan tara za su yanke ko da duk zaɓinka mai kyau ne. Kuma yankewa da gem ɗaya ba wai ka kusa ci ba ne, haka lissafin yake fitowa sau da yawa, shi ne kuma yake sa mutum ya koma.

Sannan ka lura da ods ɗin kansa, wato adadin da kamfanin bet yake ninka kuɗinka da shi idan ka ci. Abin da yake rabi da rabi kamata ya yi a ba ka 2.00, amma sai ka ga 1.90 a kowane ɓangare. Mutum biyu su sa 100 kowanne, ɗaya nan ɗaya can, kamfani ya karɓi 200 ya biya 190, goman nan tasa ce ko wa ya ci. A 1.90 sai ka canka daidai kusan sau 53 cikin 100 kafin ma ka mayar da uwar kuɗinka, kuma duk gem ɗin da ka ƙara a tiket wannan yankan ƙaruwa yake.

Ummu_Blues:
Ni ba na bet amma ina son bin alƙaluma. Wasa biyar na baya sun yi kaɗan, ƙwallo wasa ne da ba a cin ƙwallaye da yawa, shi ya sa sa'a take da babban rabo a minti 90. Ka tuna fainal ɗin kofin zakarun Turai na 2012 a Munich, Bayern sun bugi kwana 20, Chelsea guda ɗaya tal, kuma a ita Drogba ya sa kai ya farke a minti na 88 bayan Müller ya ci, Cech ya tare fenaretin Robben a ƙarin lokaci, aka ƙare Chelsea ta ɗauki kofi. Duk wata ƙididdiga ta ranar Bayern ta nuna.

Abin da ya fi sakamako faɗin gaskiya shi ne xG, wato a auna kowane shot a ga sau nawa irinsa yake shiga raga daga wannan wurin, fenareti misali ana ba shi wajen 0.76 zuwa 0.79. Yana nuna maka ƙungiyar da ke ƙirƙirar dama da wadda sa'a ce kawai ke ɗauke da ita, amma sai an tara wasanni da yawa, ba na Asabar ɗin nan ba.

Baban_Gola:
Na gode sosai. To amma ai na ji ana cewa masu Brighton da Brentford da wannan lissafin suka yi kuɗi, ke nan ana iya cin kamfani.

Malam_Lissafi:
Gaskiya ne, Tony Bloom na Brighton da Matthew Benham na Brentford duk ta nan suka fito. Amma kamfanoni gare su cike da masana lissafi da kwamfuta, kuma ba tambayar wa zai ci suke yi ba, suna neman inda aka yi kuskuren saka ods ne, ɗan bambanci ƙanƙani a kan dubban wasanni, da jarin da zai jure asara mai tsawo. Abin da ni da kai muke gani kyauta a intanet, masu saka ods sun riga sun gani sun zuba shi cikin farashin tun kafin ka buɗe waya. Tunda kana da littafi, ƙara layi biyu, abin da ka saka da abin da ya dawo tun daga wata ukun nan, har da ƙananan da ba ka lissafawa, ka haɗa jimla ka gani da idonka.

Baban_Gola:
Wannan layin ne kam ban taɓa rubutawa ba. Tarihin tiketocin duk yana cikin akawun ɗina, yau da daddare zan zauna in haɗa su.