Latas ɗin Jakara: wanki da gishiri yana cire gubar?

Hajiyar Fagge: Jama'a wai me ake ta tsorata mutane da kayan lambun bakin kogin Jakara na Kano ne, ni dai in na sayo latas ko alayyahu sai in wanke da gishiri in ɗauraye sau biyu shikenan, duk dattin ya fita.

Ɗalibin kimiyya: Hajiya gishiri na rage ƙwayoyin cuta da ƙurar da ke saman ganye, wannan gaskiya ne. Amma rafin Getsi da ke kwaso ruwan masana'antun Bompai cikin Jakara yake zubewa, kuma irin wannan ruwa na ɗauke da ƙarafa masu guba, wato dalma da kadmiyam da kuromiyam ɗin da ake jima fata da shi. Suna kwanciya a ƙasa, saiwa ta tsotsa su shiga cikin ganyen kansa, to ta yaya wanki zai kai can? Ko tafasawa ba ta kashe ƙarfe.

Baba mai lambu: Yaro tun kafin a haife ka nake ban ruwa da ruwan nan, ni da iyalina shi muke ci kuma ga mu da ranmu alhamdulillahi. Ku masu boko in kun yi magana ɗaya kasuwarmu ce ke mutuwa.

Ɗalibin kimiyya: Allah ya ƙara lafiya Baba, wallahi ba kasuwarku nake so ta mutu ba. Abin ba rana ɗaya yake kayar da mutum ba, kadmiyam taruwa yake a ƙoda ya yi shekaru goma zuwa talatin kafin rabinsa ma ya fita. A Toyama ta Japan ruwan wurin haƙar ma'adinai ne ya shiga gonakin shinkafa, mutane suka yi shekaru suna ci kafin ƙasusuwansu su fara karyewa, sai 1968 gwamnati ta amince kadmiyam ne sanadi.

Malama ma'aikaciyar jinya: Ni dalmar ce ta fi damuna saboda yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa ba zazzaɓi ba komai, sai dai a ga yaro baya gane karatu a ce daƙiƙi ne.

Hajiyar Fagge: Kamar ta Zamfara kenan?

Malama ma'aikaciyar jinya: Gubar ɗaya ce Hajiya amma hanyar daban, ta 2010 daga niƙan dutsen zinare ne a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Ta lambu kaɗan-kaɗan take shiga.

Baba mai lambu: To naji. Amma da rani wane ruwa za mu samu? Kuɗin burtsatse da man inji wa zai biya? Mu ba mu muka zuba gubar ba.

Ɗalibin kimiyya: Nan kam ina bayanka Baba ɗari bisa ɗari, mai masana'anta ne ya kamata ya tace ruwansa kafin ya saki, don irin wannan aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, a 2007. Sai dai ko yau aka tace, wanda ya riga ya kwanta a ƙasar yana nan, dole a auna gonakin a san wacce za a daina shuka ganye a ciki.

Baba mai lambu: In za su auna su zo, tawa a fara da ita.