Neman Hausar "self-advocate": inda na tsaya bayan shawarwarinku

Salam 'yan uwa. Kwana uku kenan ina fama da kalma ɗaya, self-advocate, kuma tunda na jefo tambayar yadda za mu faɗe ta da Hausa kun kawo shawarwari da yawa Allah ya saka, to bari in haɗa su wuri guda in faɗi inda na tsaya, mai gyara ya kawo.

Abin da ya kawo maganar shine ƙanina yana da otizim (autism, yanayin da ke shafar yadda mutum yake sadarwa da mu'amala da mutane), shekararsa 24, kuma ina so in rubuta bayani da Hausa kan rigimar da masu otizim suke yi da masu raba kuɗin bincike. Rigimar ba ƙarama bace. A 2013 wata mai bincike, Liz Pellicano, da abokan aikinta suka bi diddigin kuɗin da aka kashe a Birtaniya kan binciken otizim daga 2007 zuwa 2011, kusan fam miliyan 21, sai suka ga kashi 56 cikin ɗari ya tafi ne kan ƙwaƙwalwa da halittar jiki, abin da ya shafi hidimar da ake wa mutanen kuwa kashi 5 kacal ya samu. Alhali wani bincike na ƙasar Suwidin da ya fito a 2016 ya nuna masu otizim ɗin da suka rasu a cikin nazarin matsakaicin shekarunsu 54 ne, sauran mutane kuma 70, kuma farfaɗiya da kashe kai suna cikin manyan dalilai. Wlh ranar da na karanta wannan ban iya barci ba, ina ta lissafin shekarun yaron nan. A 2016 ɗin dai ƙungiyar Autistica ta Birtaniya ta tambayi masu otizim da iyalansu da ma'aikata me suka fi so a bincika, abin da ya zo na ɗaya shine lafiyar ƙwaƙwalwa, damuwa da fargaba da makamantansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To su waɗannan masu otizim ɗin da suke tashi da kansu su ce ba za a yanke komai a kanmu ba sai da mu, su ne ake kira da waccan kalma ta self-advocate. Har ƙungiya gare su a Amurka, ASAN (Autistic Self Advocacy Network), wadda Ari Ne'eman yana cikin waɗanda suka kafa ta a 2006. Me za mu kira su?

Shawara ta farko "mai kare kansa". Wannan da wuri na ajiye ta, kunnen Bahaushe zai ji kamar dambe ake ko mutum na gaban alƙali. Sai "ɗan fafutuka" da "ɗan gwagwarmaya", waɗanda mutane da yawa suka goyi baya, amma fa nima ɗan fafutuka ne akan otizim, uwa ma haka, likita ma haka, kenan kalmar ta haɗiye ainihin abin da ake so a ware, wato mai abin ne da kansa yake tsaye a wurin.

Wani malami ya kawo "kakakin kansa", gajere ne kuma yana da daɗin faɗa. Malam na gode sosai, amma jam'insa yana ba ni wahala, sannan da na karanta wa ƙanina ya ce shi kakaki abin busa ya sani mai ƙara, kuma mutumin da ƙarar injin niƙa take sa shi toshe kunnuwa da tafukan hannu ya durƙusa, ba zai so a raɗa masa wannan suna ba.

Wadda ta fi daɗewa a raina ita ce ta wata baiwar Allah, "mai magana da yawun kansa". Hajiya gaskiya kin kusa, don Hausa ce tsantsa, kuma ita ce kishiyar abin da ake musu kullum, a ari bakinsu a ci musu albasa. Har ta tuna min da Spectrum 10K, aikin da masu bincike a Jami'ar Kambirij suka ƙaddamar a Agusta 2021 don karɓar samfurin yawu na masu otizim 10,000 a duba ƙwayoyin gadonsu. Masu otizim da yawa suka ce a'a, wa zai riƙe bayanan nan, kuma wa ya tabbatar mana ba za a wayi gari an yi amfani da su wajen gwajin ciki don a daina haifar irinmu ba. Masu aikin sun ce ba manufarsu kenan ba, amma a Satumba dole aka dakatar don a zauna a saurare su, daga baya ma aka rufe shi gaba ɗaya a farkon 2025. An nemi yawunsu a kwalba, su kuma ta bakinsu suke so a nema tun kafin a tsara aikin.

Matsalar dai kalmar "magana" ce. Akwai masu otizim da yawa da ba sa furuci da baki, wasu rubutawa suke a waya ko allo, wasu hotuna suke nunawa. Ƙanina yana magana, amma in ya gaji ko wuri ya cika da hayaniya bakinsa rufewa yake ruf. Na taɓa raka shi asibiti, fitilar ɗakin jira tana ta kyaftawa, kafin a kira mu ya riga ya ƙare, likitan ya juyo gare ni yana tambayata me ke damunsa kamar shi baya ɗakin. Sai ya zaro waya ya rubuta layi biyu ya miƙa masa: wata uku ba na barci fiye da awa uku, kuma ni za ka tambaya. Bai furta ko harafi ba a ranar, amma abin da kalmar nan take nufi shi ya yi.

Shi yasa na tsaya kan "mai tsaya wa kansa", mace "mai tsaya wa kanta", jam'i "masu tsaya wa kansu", aikin kuma "tsaya wa kai". Dama muna cewa wane ya tsaya wa wane, ko wance bata da mai tsaya mata, kowa ya san nufi ba sai an yi sharhi ba, kuma babu baki a ciki. Wani ɗan uwa ya ce za a iya ɗauka dogaro da kai ake nufi. Inaga da bambanci, wancan tsayawa da ƙafa ne. Mutum zai iya buƙatar a taimaka masa da wanka da girki da fita kullum, amma in an zo kasafta kuɗin binciken rayuwarsa ya ce ga abin da nake so a duba.

Na san iyayen da 'ya'yansu ko rubutun ba sa iyawa za su ce mu fa, kuma suna da gaskiya, kujerarsu tana nan a teburin. Sai dai a kira su iyaye masu tsaya wa 'ya'yansu, kar a haɗa sunan biyu.

Wasu sun tambaye ni me yasa nake rubuta otizim ban ce galahanga ba kamar yadda ake ji a labarai. Ƙanina na tambaya, ya ce da wannan kalmar ake tsokanarsa a makaranta. A Amurka ma dokar otizim ta 2006 sunanta na nufin yaƙi da otizim, sai da masu tsaya wa kansu suka matsa kafin a sauya mata suna a 2014. Wannan kalma ce ta biyu da ya kamata mu zauna a kanta, kuma dan Allah in akwai mai otizim da ke karanta wannan, ku za ku fara kawo taku kafin mu.