Kuɗin tiyatar haihuwa kullum ƙaruwa yake, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa a wani asibiti a Kano. Kafin a shiga da ita sun yanka min kuɗin aiki, na sayar da babur ɗina na biya. Yanzu kullum sai a miƙo min sabuwar takarda: ledar jini, ƙarin ruwa, allurai, har safar hannu ni ke saye. In na nemi jimilla, sai a ce "sai ranar sallama."

Shin tiyata kyauta da Ministan Lafiya Ali Pate ya sanar a 2024 ta shafi wadda an riga an yi mata? In na yi rijistar KSCHMA (hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano) yanzu, za su ɗauki abin da ya rage? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.